Kafin Ka Sayi Fedar Wah

Yawancin ƙananan akwatunan da makaɗin jitar lantarki ke jerawa a gabansa, taku ɗaya suke buƙata. Ya taka su kama, ya sake takawa su mutu, sauran aikin kuma na'ura ce ke yi. Fedar wah ta fita daban. Faifan ƙarfe ne da ke lilo gaba da baya, ƙafa tana kansa muddin ana son jin aikinsa, kuma abin da ya fito daga sifika ƙafar ce ta tsara shi. Shi ya sa mutum biyu za su taka feda ɗaya, na farko jitarsa ta riƙa magana, na biyu ya cika wa jama'a kunne da ƙara. Abin da ƙafa za ta yi aiki da shi kuwa, ai sai an tambayi ƙafar kafin a biya kuɗi.

Idan aka kaɗa tsirkiya, abin da kunne ke ji tarin amo ne a haɗe: akwai mai kauri a ƙasa, akwai siriri a sama, akwai na tsakiya. Aikin wah shi ne ta ware wani ɗan yanki daga cikin tarin nan ta ɗaga shi, ta danne sauran. Idan ka danna dunduniya, yankin da aka ɗaga yana can wajen kauri, sautin ya dushe. Idan ka tura yatsu gaba sai ya haura wajen siranta, sautin ya buɗe ya yi kaifi. Bakin mutum ma haka yake yi tsakanin “u” da “a”: muryar ba ta tashi ba, ba ta sauka ba, kogon bakin ne ya sauya. Wanda ya saba da kalangu zai iya ɗauka abu ɗaya ne, tunda dukansu ana cewa suna magana, amma akwai bambanci. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyi a hammata ne ya ɗaga muryar gangar ko ya saukar da ita. Wah ba ta taɓa tsayin murya, launinta kawai take juyawa. A fedar wah ta Cry Baby samfurin GCB95, wadda ta fi kowace yawa a kasuwa, yankin nan yana tafiya ne daga wajen 350 Hz zuwa 2,200 Hz, kuma a tsakanin nan ne yawancin abin da ke bambanta wasulan ɗan Adam yake.

Ba a ma yi niyyar ƙirƙirarta ba. A 1966 kamfanin Thomas Organ na Kaliforniya, wanda ke ƙera kayan Vox na Ingila domin kasuwar Amurka, ya ba wani matashin injiniya mai suna Brad Plunkett aikin sauya wani makunni mai tsada a cikin amfilifaya da abu mai araha. Da ya sa abin murɗawa a wurin makunnin, sai aka ji sauti yana buɗewa yana rufewa. Aka ɗauko kwankon fedar ƙara murya ta molon lantarki mai madannai aka zuba kayan a ciki. Manyan kamfanin sun ɗauka masu busa ne za su saya, shi ya sa da ta fito a 1967 suka liƙa mata sunan Clyde McCoy, mai busa ƙahon Turawa da ya yi suna da “Sugar Blues” tun 1931 saboda yadda yake toshe bakin ƙahon yana buɗewa. Makaɗan jita ne suka wawure ta. Eric Clapton ya yi amfani da ita a “Tales of Brave Ulysses” a shekarar da ta fito, Jimi Hendrix ya buɗe “Voodoo Child (Slight Return)” da ita a 1968, sannan a 1971 Charles Pitts ya kaɗa shiƙi-shiƙin nan da ke farkon kiɗan fim ɗin Shaft na Isaac Hayes. Daga nan ta cika faya-fayan shekarun 1970, har da na samarin Legas masu kiɗan rok da fonk. A 1982 kamfanin Dunlop ya karɓi sunan Cry Baby, kuma har yau shi ke ƙera ta.

Tarihin yana da amfani ga mai saye ta fuska ɗaya. Duk waɗancan sautukan da ake yabo, da feda mafi sauƙin ƙira aka yi su: kwayil ɗaya, taransista biyu, abin murɗawa ɗaya, makunni ɗaya. Yau za ka tarar da Cry Baby mai sunan Slash, da mai sunan Kirk Hammett, da ta Jerry Cantrell, da ta Zakk Wylde, har da ta Hendrix, wanda ya rasu a 1970, shekaru goma sha biyu kafin Dunlop ya mallaki sunan Cry Baby. Fedodin ba ƙarya ba ne, kowace an daidaita ta da jitar mai sunan da amfilifayarsa da irin kiɗansa. To a nan matsalar take. Ta Cantrell an dusar da ita da gangan domin kiɗa mai nauyi. Wanda ke kiɗan coci a Jos ko na biki a Yamai, da jita mai tsabtar murya, zai iya jin ta kamar an rufe ta da bargo. Sunan gwani yana ƙara farashi, ba ya ƙara wa ƙafarka komai.

Abin da ya fi cancanta a ɓata lokaci a kansa shi ne tafiyar sautin daga dunduniya zuwa yatsu. Ka je da jitarka, in da hali da amfilifayarka, domin feda ba ta da murya ɗaya a kowane wuri. Jita irin Stratocaster dama muryarta siririya ce, idan ta haɗu da fedar da ke haurawa sama sosai, ƙarshen yatsu zai riƙa sukar kunne. Jita irin Les Paul kuwa mai kauri ce, ita tsoronta ɓangaren dunduniya, inda komai kan cakuɗe ya zama laka. Ka kashe duk wani abin ƙara gurnani, ka kaɗa tsirkiya ɗaya ka bar ta tana amo, sannan ka tura fedar a hankali, a hankali ƙwarai. Kana neman sautin ya riƙa buɗewa tun daga farkon tafiya har ƙarshenta. Wasu fedodin rabin tafiyarsu ba abin da ke faruwa, sai a wani ɗan taƙi komai ya auku lokaci guda. Mai kiɗan fonk da ke son tsalle mai sauri zai iya son haka. Mai son jan sauti ɗaya ya yi ta lanƙwasa shi zai sha wahala, don motsi kaɗan zai wuce wurin da yake nema.

Makaɗa kan ce Vox V847 ta fi taushi da zaƙi a tsakiya, Cry Baby ta fi cizo a sama. Akwai gaskiya a maganar, amma kada a ɗauke ta hukunci, tunda cikinsu kusan ɗaya ne, asalinsu ma ɗaya. Haka batun kwayil na Fasel, ja ko rawaya, wanda aka fara ƙerawa a Italiya kuma ake ta musu a kansa. Yana da tasiri, sai dai a ganina bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma a filin biki mai janareta da sifikoki huɗu ba mai jin bambancin. Wanda ya san yana sauya jita ko salon kiɗa, gara ya duba irin su Cry Baby 535Q, mai maɓalli na zaɓen yanki har guda shida da wani na daidaita faɗin yankin da ake ɗagawa. Idan ka matse shi sautin ya yi tsini ya yi hanci, idan ka saki ya yi laushi. Amma mai koyo da aka ba maɓallai da yawa yakan ƙare da murɗe-murɗe maimakon kiɗa.

Sai makunni, wanda mutane ba sa tunawa da shi sai sun hau dandamali. A tsohuwar ƙira, makunnin yana ƙarƙashin yatsu: sai ka tura fedar har ƙarshe ka ƙara danna ta da ƙarfi kafin ta kama. Wannan yana son ƙasa mai tauri da mutum a tsaye. A kan kafet mai laushi ko yashi, ko ga wanda ke kiɗa a zaune, sau da yawa sai ka danna ba ta kama ba, kuma yawancin tsofaffin ba su da fitilar da za ta gaya maka. Kamfanin Morley ya shahara da wata hanya, kamar a Bad Horsie ta Steve Vai, haka ma Dunlop a 95Q: da ka ɗora ƙafa ka motsa ta kama, da ka ɗauke sifirin ya mayar da ita ta mutu. Daɗi ne ga mai shiga da fita cikin waƙa. Abin da aka rasa shi ne ajiye ta a tsakiya. Akwai salo guda da Mick Ronson da Michael Schenker suka yi suna da shi, na tsayar da fedar a rabin tafiya a bar ta nan, jita ta riƙa fita da murya mai hanci da ke ratsa sauran kayan kiɗa. Feda mai sifirin ba ta zama inda aka bar ta. Mai makunnin ma sai ka gwada: ka ɗauke ƙafa ka ga ko za ta tsaya ko za ta sulale gaba.

Ga wanda ke zaune inda hunturu ke busawa, akwai wata tambayar da ta fi ta kwayil muhimmanci. A yawancin fedodi, wani ɗan sanda mai haƙora ne ke juya abin murɗawa irin na ƙara muryar rediyo, wanda masu gyara ke kira boliyom. Kowace takawa gogayya ce, kuma ƙura tana shiga ta ramin da sandan ke bi. Ƙarshenta sai ka ji ƙarar-ƙarar duk lokacin da ka motsa ƙafa. Ana iya fesa masa maganin wanke kayan lantarki ya lafa, ana iya sauya shi, sai dai ba kowane boliyom na kasuwa ne zai yi ba, don nasa yana da haƙora da irin tafiyarsa. Fedodin Morley da haske suke aiki: wata 'yar fitila ce da ido mai karɓar haske, feda tana buɗe tsakaninsu tana rufewa, babu abin da ke gogar wani. Sun fi jure ƙura, sun fi cin batir, kuma tafiyarsu a ƙafa ta fi tsawo, wasu na so wasu ba sa so.

Akwai kuma abin da feda ke yi wa sauti alhali tana kashe. Tsofaffin Vox da Cry Baby sun yi ƙaurin suna wajen shanye kaifin jita ko ba a kunna su ba, saboda sautin bai daina raɓar kayan cikinsu ba. Sababbi sun magance wannan ta hanya biyu: wasu suna da ɗan da'irar da ke riƙe ƙarfin sautin, wasu kuma suna ba shi hanya ya wuce kai tsaye, abin da ake rubuta wa true bypass a jikin kwali. Gwajin ba wuya. Ka haɗa jita da amfilifaya kai tsaye ka saurara, sannan ka sa fedar a tsakani a kashe ka sake saurara.

Yawanci wah ce ke fara karɓar waya daga jita, sannan fedodin gurnani su biyo baya. A haka sautin ya fi kama da wanda aka saba ji a faya-fayai. Idan aka juya, tafiyar takan yi tsanani ta yi shuu. Mai tsohuwar fedar gurnani ta Fuzz Face ya yi hattara, don ita da wah a gabanta ba kasafai suke shiri ba: ko tafiyar ta ƙanƙance ko a ji fito. A gwada su tare kafin a saya.

Girma ma abin dubawa ne. Cikakkiyar Cry Baby ta haura kilo ɗaya da rabi, nauyin da ke hana ta gudu a ƙarƙashin ƙafa amma yake cika jaka. Cry Baby Mini rabinta ce, tana da muryoyi uku da ake zaɓa daga ciki, sai dai mai babbar ƙafa zai ga dunduniyarsa a waje. Wanda kuɗinsa bai kai ba kuma, ko bai tabbatar zai daɗe da son sautin ba, babu laifi ya fara da na'ura mai tara sautuka da yawa irin Zoom G1X Four ko Boss ME-80, masu feda a gefe da wah a cikinsu. Kada dai a ruɗe da wadda ake kira oto-wah, zuriyar Mu-Tron III da Stevie Wonder ya yi “Higher Ground” da ita a 1973. Ita ƙarfin kaɗawarka take bi, babu ruwanta da ƙafa.

Mafi yawan masu saye a Kano ko Kaduna ko Damagaram, ta hannu za su samu, ko su yi saƙo daga kasuwar Alaba ta Legas. Feda ce mai jure wahala, ta hannu ba abin gudu ba ce, amma akwai jabu, don haka kada a biya sai an ji ta. A kwance ƙusoshi huɗu na ƙasa a leƙa ciki: a duba haƙoran sandan ko sun cinye, a duba wurin batir ko ya yi tsatsa, a girgiza bakin wayoyi a ji ko sauti na yankewa. A tambaya ko tana da ramin adafta, don wasu tsofaffin, har da V847 ta farko, batir kawai suke ci. Masu ramin kusan dukansu bolt 9 suke so, irin adaftar fedodin jita mai nagetif a tsakiya. Adaftar rediyo ko ta wata na'ura tana iya shiga ramin daram ta ƙona feda. Kwayil ɗin ciki kuma yana ɗaukar gunjin taransifoma, saboda haka a nisanta ta da adafta da sitabilaiza. In batir za a yi amfani da shi, yana daɗewa sosai a tsohuwar ƙira, da sharaɗin a zare wayar jita idan an gama, domin muddin tana ciki fedar tana shan wuta ko an kashe ta.