Yadda Ake Ajiye Mota a Lokacin Hunturu

Jama'a, kowa dai ya san da zarar an gama kaka, magidanta da yawa a Dandin Mahe sukan tafi cin rani ko fatauci, su bar motarsu a rumfa ko a gareji har wata biyu ko uku. Da yawa suna zaton motar da ke tsaye hutawa take yi. To, ba haka abin yake ba. Zama yana cin mota kamar yadda tafiya ke cinta.

A ƙasashe irin su Ingila da Rasha, abin tsoro shi ne ƙanƙara, domin ruwa yakan daskare a cikin lagireto ya fasa shi. Mu a ƙasar Sakkwato sanyinmu bai kai nan ba. Abokan gabarmu su ne ƙura da bushewar iska da ɓeraye. Ƙurar nan da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yawancinta iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Cadi, kuma laushinta ya sa ba kafar da ba ta shiga.

Da farko, a wanke motar, a bari ta bushe, a rufe gilasai, sa'an nan a lulluɓe ta da tampol. Kada yara su goge ƙura da busasshen tsumma, domin yana kankare fenti. Ruwa ake fara zubawa.

Na biyu, batir. Ko ba a taɓa mota ba, wutarsa tana zurarewa sannu a hankali. Batir mai ƙarfin bolt 12 in ya cika yakan nuna kusan 12.6, in kuwa ya daɗe a ƙasa da haka sai ya lalace. Saboda haka a kwance wayar da ke da alamar ragewa. In mai shan ruwa ne, a ƙara masa ruwan batir, ba ruwan rijiya ba.

Na uku, a cika tayoyi da iska, domin tayar da ta daɗe a gefe guda takan baje. Kada a bar birkin hannu a jaye, yana iya liƙewa. Gara a tare tayoyin da duwatsu.

Na huɗu, kada a bar ko ƙwayar gero ko gyaɗa a cikin motar, kada kuma a ajiye ta kusa da rumbu. Ɓera in ya sami ɗumi a gefen inji, sai ya yi sheƙa ya cinye wayoyi.

Abin da ya fi duka shi ne a sami direba amintacce, duk bayan mako biyu ya duba baƙin mai da ruwa, ya tayar da ita, ya kai Boɗinga ko Shagari ya komo. Amma kada a bar inji yana aiki a cikin gareji a rufe, domin hayaƙinsa yana kisa.

Na ga wannan da idona. Bara kawuna ya bar tsohuwar Fijo 504 ɗinsa, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da, ya tafi Ikko. Wata rana da asuba naƙuda ta tsananta wa matarsa. Aka murɗa makulli, shiru. Sai da aka bi gida gida kafin a sami motar da ta kai ta asibiti a Sakkwato. Allah ya sa ta sauka lafiya.

'Yan'uwana 'yan makaranta, mu ne ke gida idan iyaye sun yi tafiya. Mu tuna musu da waɗannan abubuwa tun kafin su ɗaura kaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.