Koyon Wasan Ces Ba Sai da Kayan Kanti Ba

Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na birnin New York, ya kuma koma bayan shekara guda ya yi awa 64 har kundin Guinness ya tabbatar masa da bajintar, iyaye da malamai ke ta tambayar me ya sa ba a koyar da wasan a makarantunmu. Amsar da aka fi ji ita ce wai wasan Turawa ne na 'ya'yan masu hannu da shuni, kuma kayansa sai an yo odarsu daga waje. Maganar nan ba ta da tushe ta kowace fuska, amma ta zama mafakar masu neman dalilin naɗe hannu.

Shi kansa Onakoya a shagon wani mai aski a Ikorodu ya fara koyo, kuma ƙungiyar Chess in Slums Africa da ya kafa a 2018 yaran Makoko da na ƙarƙashin gadar Oshodi take koya wa. Asalin wasan ma ba daga Turai yake ba. A Indiya ya samo tushe wajajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi, suka yi rubuce-rubuce a kansa a Bagadaza tun ƙarni na 9, sannan ya tsallaka Turai ta Andalus. Nan kusa da mu, a da masu sarautar Borno sun daɗe suna buga nasu nau'in mai suna tsatsarandi, inda 'ya'yan wasan ke ɗauke da sunayen sarauta irin su Mai da Chiroma da Kaigama.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai son haɗa nasa shi ne yawancin 'ya'yan da aka yi wasa da su a ƙasashen Musulmi ba sassaƙen doki ko na mutum ba ne. Dunƙule-dunƙule ne kawai da ake bambancewa ta girma da 'yar alama a ka, kamar saitin ƙarni na 12 daga Nishafur ta Iran da ke ajiye a gidan tarihi na Metropolitan. Siffar da muke gani a kanti yau, wadda ake kira Staunton, sai a 1849 aka fara sayar da ita a Landan. Ke nan an yi fiye da shekara dubu ana wasan kafin a san ta. Abin da ake buƙata kawai shi ne 'ya'ya 32 masu siffa iri 6 da kala 2, waɗanda ido zai bambance da kallo ɗaya, kuma su tsaya da gindinsu.

Duk wannan yana samuwa a rumfar mai sayar da noti a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ko ma wurin 'yan gwangwan. Jikin kowane ɗa bol ne, a juya kansa ƙasa ya zama gindi. Masu rumfa da lambar sufana suka san su, don haka a nemi lamba 17, a ɗauki noti da washa daidai da shi, domin zaren wani ba ya shiga na wani. Hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ba da ma'aunin da za a iya bi: sarki santimita 9.5, sarauniya 8.5, bishof 7, doki 6, hasumiya 5.5, soja kuma 5. Ba lallai a same shi cif ba, amma kada a ɓata jerin tsawon, don da shi yaro ke fara gane wane ne babba.

Sojoji 16 su ne mafi sauƙi: gajeren bol da noti mai rufaffen kai, irin na jikin babur. Hasumiya 4 kuwa kamar don su aka ƙera notin nan mai tsage-tsage a ka da ake soka wa fil a ƙafar mota. Doki 4 a ɗaura musu noti mai kunne biyu da ake murzawa da hannu. Bishof 4 a sa musu noti na yau da kullum, a rufe da mai rufaffen kai, tsawonsu ya raba su da soja. Sarauniya ta ɗauki noti biyu da mai tsage a sama, sarki kuma a ba shi faffaɗar washa a wuya kafin a rufe masa kai. Ɓangare ɗaya a bar shi da farin ƙarfensa, ɗayan a fesa masa baƙin fenti.

Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen gindi. Kowane abu yana da tsakiyar nauyi, kuma yana faɗuwa ne da zarar wannan tsakiya ta karkata ta wuce gefen gindinsa. Direbobin manyan motoci sun san wannan a aikace: motar da aka tula wa kaya a sama ita ke kifewa a kwana, wadda aka shimfiɗa wa buhunan hatsi a ƙasa kuwa ta wuce lafiya. Haka sarkin da aka jibga wa ƙarfe a ka yake, hannun riga kaɗai ya isa ya kayar da shi ya watsa wasa. Shi ya sa FIDE ta ce faɗin gindi ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na tsawo, wato wajen santimita 4 ga sarki, alhali kan bol lamba 17 bai kai santimita 2 ba. Da yawa sukan zura washa ta sama ta sauka a kan bol ɗin, su zaci sun gama. Ta ƙara nauyi a ƙasa, gaskiya ne, amma tunda ba ta taɓa allo ba, ba ta ƙara faɗi ba. Daidai shi ne a manna faffaɗar washa a ƙarƙashin kan da gam mai haɗi biyu, a murza noti ɗaya ko biyu har ƙasa, sannan a liƙa guntun robar tsohon tif don kada ƙarfe ya karce allo.

Allon kansa katako ne mai faɗin santimita 44 kowane gefe, a raba shi gida 64, kowane gida santimita 5.5. A tuna farin gida ne ke kusurwar hannun dama na kowane ɗan wasa. Tsoffin notuna kuma a wanke su da kananzir, a sake da ruwa da omo, a shanya kafin fenti. In za a yi walda maimakon gam, kada a kai wa mai walda ƙarfen da aka shafe da zinki, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A ɗaure kowane noti da ɗigon gam, a ajiye kayan nesa da yara masu rarrafe, don haɗiye noti ba ƙaramin haɗari ba ne.

Saitin noti ba zai shiga gasar hukuma ba, can Staunton ake buƙata. Amma kafin gasa akwai koyo, kuma a nan ne muka tsaya. Muna da kwalejojin fasaha da ɗalibansu ke neman aikin gwaji, muna da makarantun firamare da ba su da abin da yara za su yi a lokacin tara in ban da guje-guje. Haɗa waɗannan biyun ba ya buƙatar kwangila ko kwamiti, wataƙila shi ya sa ba ya jan hankalin masu ofis. Shugaban makarantar da ya damu zai iya kiran makanike ɗaya da kafinta ɗaya daga cikin iyayen yara, su haɗa saiti biyar kafin ƙarshen zango, ya nemo malami ɗaya da ya iya wasan. Yaran da suka murza notunan da hannunsu kuma, su za su fi kowa kula kada ɗa ɗaya ya ɓata.