Naman da Ke Cikin Ɓawo: Daga Tanbi Zuwa Kalaba

Yau a bakin teku za mu ɗora tukunya. Abincin kuwa yawancinmu mutanen tudu ba mu saba da shi ba, wasu ma da an ambace shi sai su yamutsa fuska: kawa, da ƙumba, da katantanwar ruwa, 'yan halittun nan masu taushin jiki da ke kulle kansu cikin ɓawo.

Na san tambayar da ke bakin mutane da yawa: shin ya halatta? A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, dabbobin ruwa halal ne, ba sa bukatar yanka. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Shi ya sa Musulmin Senegal da Gambiya ke cin abinsu hankali kwance tun kaka da kakanni. Ƙyamar tamu ta rashin sabo ce kawai, kuma wanda ke cin soyayyiyar fara da yaji ba shi da bakin yi wa mai cin kawa dariya.

Mu fara da Gambiya. A gefen Banjul akwai wata fadama da ake kira Tanbi, mai faɗin hekta kusan 6,000, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku. Itatuwan wurin a cikin ruwan gishiri suke tsaye, saiwoyinsu a waje, kuma a jikin saiwoyin nan kawa ke maƙalewa. Da ruwa ya janye sai mata, yawancinsu 'yan ƙabilar Jola, su tura kwalekwale su shiga lungu-lungu da 'yar gatari a hannu, suna ɓamɓaro ta ɗaya bayan ɗaya. Ɓawon kaifi gare shi. Za ka ga sun zura tsofaffin safa a hannu da ƙafa, amma duk da haka tabon yanka ba ya rabuwa da yatsunsu.

Idan an dawo tudu, ba a ɓata lokaci. A zuba ta cikin yankakken duro da ɗan ruwa, a hura itace. Zafi na ratsa ta ɓawon zai buɗe da kansa. Sai a zauna kewaye da tulin ana zaƙulo naman da wuƙa, a wanke, a kai bakin titin da ya tashi daga Banjul zuwa Serekunda ana sayarwa da gwangwani. Mai saye ya kai gida a soya albasa da yawa da tattasai da attarugu a mai, a juye kawar a ƙarshe, a matsa lemun tsami, a ci da shinkafa ko a cusa cikin burodin tapalapa. Ɓawon ma ba a zubarwa. Ƙona shi ake yi a samu farar ƙasa ta shafen ɗaki.

Akwai lokacin da kawar Tanbi ta fara ƙanƙancewa saboda yawan ɗiba da saran saiwoyi. A 2007 wata mata mai suna Fatou Janha Mboob ta haɗa kan masu sana'ar cikin ƙungiyar TRY. A 2012 gwamnatin Gambiya ta damƙa wa ƙungiyar ikon ɗibar kawa da ƙumba a fadamar. Matan da kansu suka yarda a rufe wurin wata 8 a shekara, a ɗiba daga Maris zuwa Yuni kaɗai. Ga matar da cefanen gidanta ya dogara a kan gwangwanin nan, haƙurin wata 8 ba ƙaramin abu ba ne.

Tsallaka iyaka zuwa Senegal, a bakin kogin Salum, dabarar ta shanya ce. Ana tafasa ƙumba, a cire naman, a baza a rana har ya ƙame, ya yi watanni bai lalace ba, ya yi tafiya zuwa kasuwannin da ba su taɓa ganin teku ba. Akwai kuma wata ƙatuwar katantanwar teku da Wolof ke kira yet. Ita yanka ta ake yi, a bar ta ta ɗan ruɓa, sannan a shanya. Warinta sai mai ƙarfin hali, amma ɗan guntu ɗaya a tukunyar cebu jen, dafa-dukar shinkafa da kifi da Senegal ke alfahari da ita, shi ke yin aikin da daddawa ke yi a miyar kuka. Daɗewar sana'ar kuwa a ƙasa take rubuce: a yankin Salum akwai tuddai 218 na ɓawon da mutanen dā suka ci suka zubar, wasu har an binne manya a cikinsu, kuma suna cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

'Yan uwanmu na Ghana da ke bin hanyar Akara zuwa Aflao sun san gadar Sogakope, inda mata ke rugowa gefen mota da soyayyiyar ƙumbar kogin Volta a jikin tsinke, da barkono a gefe. Tun da aka datse kogin a Akosombo a 1965 wuraren samun ta suka tsuke, aka koma can ƙasa wajen Ada.

A gida Najeriya kuwa, daga Kalaba zuwa Uyo zuwa Fatakwal, sarauniyar ita ce 'yar ƙaramar katantanwa mai tsinin gindi da ake kira isam. Iri biyu ake sayar da ita: wadda aka riga aka zaƙulo naman da allura, da wadda ke cikin ɓawonta. Ta biyun ita ce ta masu abin. Sai an datse tsinin gindin da wuƙa kafin a jefa cikin miyar afang, don romo ya shiga, iska kuma ta samu hanya. Mai ci ya ɗauki ɗaya, ya sa baki, ya zuƙa da ƙarfi, naman ya faɗo tare da miyar. Baƙo yakan yi ta zuƙa ba abin da ya fito, masu gida suna dariya. A garuruwan da tsakuwa ke wuya, ɓawon nan ake kwaɓawa da siminti a yi daɓe.

To, mai sauraro da ke Legas, ko Kwatano, ko Duwala, idan kina son gwadawa uwargida, aikin tun daga kasuwa yake farawa. Da ranta ake sayen ƙumba. Ɓawon ya kasance a rufe gam. Idan kin ga ɗaya a buɗe ki ƙwanƙwasa, in ta rufe tana da rai, in ba ta motsa ba ki bar wa mai ita. Wadda ta fashe ko take wari ma haka. A gida kada ki ɗaure ta a leda, shaƙewa za ta yi ta mutu. Ki sa a kwano, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma a wuri mai sanyi, kuma ki dafa a ranar.

Sai batun yashi, wanda shi ke ɓata wa sabon shiga girki. A cikin yashi da taɓo take zaune, cikinta cike da shi. Ki jiƙa ta awa ɗaya zuwa biyu a ruwan gishiri, kimanin giram 30 a lita ɗaya, za ta tofar da shi da kanta. Ta kogi kuwa ruwan daɗi za a sa mata. Ki tsame ta da hannu, kada ki tuttule, don yashin da ya kwanta kada ya koma mata.

Dahuwar ba ta da tsawo. Mai kaɗan, albasa, tafarnuwa, citta, attarugu, rabin kofin ruwa, ki juye ta ki rufe tukunya a wuta mai ƙarfi. Cikin minti 5 zuwa 10 za ki ji ɓawon na buɗewa. Ki ƙara mata 'yan mintoci ta dahu har ciki, ki sauke. Wadda ta ƙi buɗewa a zubar. Nan ne hannun da ya saba da ganda da ƙafar sa ke yin kuskure: gwargwadon daɗewarta a wuta, gwargwadon taurinta. In miya za ki sa ta, sai miyar ta gama haɗuwa. Kada ki yi saurin sa gishiri, ruwan da ta saki da nasa gishirin, kuma shi ne daɗin romon.

A Faransa ɗanya suke haɗiye kawa da ɗigon lemun tsami, wasu otal-otal na biranenmu ma sun fara kwaikwayo. Ni dai ba na ba da wannan shawara. Tace ruwa take yi ta ci abinci, duk ƙazantar da ke ruwan a jikinta take taruwa, har da ƙwayoyin kwalara da na ciwon hanta. Can ana auna ruwan da ake kiwon ta a kai a kai. A mafi yawan gaɓarmu ba a yi. Lemun tsami da barkono ba sa kashe komai, wuta ce ke kashewa. Mai juna biyu, da mai ciwon hanta, da mai ciwon suga su yi nesa da ɗanyarta gaba ɗaya. Wanda kuma ya ci ya ga leɓe ya kumbura ko numfashi na sarƙewa, a garzaya da shi asibiti nan take.