Amosanin Jini: Maganin Dala Miliyan Biyu da Ƙwayar da Aka Gwada a Kano

A ƙarshen 2023 wani saƙo ya yi ta yawo a WhatsApp, daga wannan zaure zuwa wancan, wai an samo maganin sikila. Mun saba da irin wannan albishir daga bakin masu tallar magani a tasha, amma wannan karon da gaskiya a cikinsa. A watan Nuwamba hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, ranar 8 ga Disamba kuma takwararta ta Amurka, wato FDA, ta bi sahu. Wata 'yar'uwata mai 'ya'ya biyu masu SS ta kira ni da daddare, ko gaisawa ba mu gama ba ta jefo tambayarta: nawa ne? Na ce mata dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ta yi shiru, can ta ce Allah ya kyauta, ta ajiye waya.

Idan dala tana naira 1,500, kuɗin nan ya haura naira biliyan 3. Duk da haka yana da kyau mu san yadda maganin yake aiki, domin asirinsa ɗaya ne da na wata tsohuwar ƙwaya mai araha da ke kantunan magani na garuruwanmu.

Ciwon yana farawa ne daga himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda shi ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai wa sassan jiki. Mai lafiya ƙwayar jininsa zagayayya ce mai laushi, tana lanƙwashewa ta kurɗa cikin siraran jijiyoyi, kuma tana yin kwana 120 kafin ta mutu. Wanda ya gaji S daga uwa da uba kuwa, da zarar himogulobin ɗinsa ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya sandare, ƙwayar ta koma siffar lauje. Irin wannan ƙwaya kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, dalilin ƙarancin jini da ɗorawar idanu ke nan. Tana kuma maƙalewa ta toshe hanya, inda duk jini ya kasa isa sai azaba ta tashi, a ƙashi, a ƙirji, a ciki. Iyaye mata sun fi kowa sanin lokacinsa: shigowar hunturu, ko marka, ko bayan zazzaɓi.

Likitan Amurka James Herrick ne ya fara bayyana cutar a rubuce a 1910, bayan ya duba wani ɗalibi ɗan ƙasar Giranada a Chicago. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mummunar maleriya, wanda shi ya sa gadon ya yi katutu a ƙasashen sauro. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Nijar ma tana cikin ƙasashen da abin ya yi wa yawa.

Amma binciken da ya buɗe ƙofar magani na wata likitar yara ce a New York, Janet Watson, a 1948. Ta lura cewa jariri mai sikila ba ya nuna alamar ciwo a watanninsa na farko. Dalili kuwa, a cikin mahaifa jariri yana amfani da wani himogulobin na daban, wanda ba ya sandarewa. Bayan haihuwa jiki yakan kashe wannan na jarirai a hankali ya kunna na manya, kuma a na manyan ne aibin yake. Shi ya sa sai jariri ya doshi wata shida ake fara ganin kumburin hannuwa da ƙafafuwa da kukan da ba ya jin rarrashi. To, in da za a iya sake kunna na jarirai fa?

Abin da Casgevy ke yi ke nan. Yana amfani da dabarar CRISPR, wadda ta sa aka ba Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020, dabarar da ke yanke ƙwayar gado daidai wurin da ake so kamar almakashin tela. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a kai su ɗakin gwaji, a taɓa makunnin wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, wadda ita ce ke kashe himogulobin na jarirai, sannan a mayar masa da su. Victoria Gray, wata uwa daga jihar Mississippi, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa wannan aiki a Amurka, a birnin Nashville cikin 2019. A alƙaluman da FDA ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da ciwo mai tsanani ya tashi ba. Ga wanda ya saba kwana asibiti sau da yawa a shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai saƙon WhatsApp bai faɗi sauran labarin ba. Kafin a mayar da gyararrun ƙwayoyin, sai an ba mutum busulfan, wani magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, ya share tsohon ɓargo domin sabon ya sami wurin zama. Gashi yana zubewa, baki yana yin gyambo, garkuwar jiki tana faɗuwa har mutum ya yi makonni a keɓe a asibiti, kuma yana iya rasa haihuwa har abada. A al'ummar da ake tambayar amarya labarin ciki tun kafin lallen biki ya goge, wannan sharaɗi ne mai nauyi. Maganin ba ya gyara gaɓar da ta riga ta lalace, kuma wanda aka yi wa zai iya gadar wa 'ya'yansa S, tunda ɓargonsa kaɗai aka gyara. A ranar da FDA ta amince da Casgevy ta amince da wani makamancinsa, Lyfgenia, mai dala miliyan 3.1, wanda ya zo da gargaɗi cewa an sami waɗanda suka kamu da dajin jini cikin waɗanda aka gwada shi a kansu. Za a ci gaba da bibiyar duk wanda ya karɓi waɗannan magunguna har shekara 15, domin babu wanda ya rayu da su tsawon lokacin da za a ce an gama sanin halinsu.

Wannan bibiya ba ɓata lokaci ba ce, kuma labarin wani maganin sikila mai suna Oxbryta ya isa shaida. An amince da shi a Amurka a 2019 bisa hujjar cewa yana ƙara yawan jini, aka yi ta murna. A watan Satumba na 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga duk duniya, bayan bayanai sun nuna an fi samun tashin ciwo da mace-mace cikin wasu masu shan sa. Adakveo ma, wanda ya fito a shekara ɗaya da shi, Tarayyar Turai ta soke lasisinsa a 2023 da babban gwaji ya kasa nuna cewa yana rage tashin ciwo. Idan magungunan da aka kashe wa miliyoyin daloli suna faɗuwa a jarrabawa haka, ina ga garin da ake ƙullawa a leda a ce yana mayar da SS zuwa AA?

Ba raina itatuwanmu nake yi ba. Cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja ta taɓa haɗa Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, kuma ƙaramin gwajin da aka yi ya nuna alamun rage tashin ciwo. Abin takaici, babban gwajin da zai tabbatar da shi ba a yi ba, harkar sarrafa shi kuma ta yi ta tangal-tangal.

Yanzu ga tsohuwar ƙwayar. Haidiroksiyuriya maganin ciwon daji ce tun asali, sai aka gano tana ƙara himogulobin na jarirai, wato aikin da Casgevy ke yi, amma kaɗan-kaɗan, kuma sai ana sha kullum. Amurka ta amince da ita ga manya masu sikila a 1998. An daɗe ana ɗari-ɗarin ba yaran Afirka ita, ana tsoron kada ta raunana garkuwar yaron da ke fama da maleriya da ƙarancin abinci. Gwajin REACH, wanda aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda kan yara sama da 600, aka wallafa a 2019, ya kawar da wannan tsoro. Tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, mace-mace suka ragu ƙwarai, kuma abin da ya ba kowa mamaki, maleriya ma ta ragu da kusan rabi.

Gwajin da ya fi shafar mu kuwa a gida aka yi shi, kuma ina shakkar ko mutum ɗaya cikin ɗari a Kano ya taɓa jin labarinsa. Mafi munin abin da ke samun yaro mai SS shi ne shanyewar ɓarin jiki. Inda ba a ɗaukar matakin kariya, kusan yaro ɗaya cikin goma yana gamuwa da ita kafin ya kai shekara 20. Ana iya hango ta tun kafin ta zo, da wata na'ura da ake kira TCD, wadda ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi. Kamar ruwa ne a tiyo, in aka matse bakinsa sai ya ƙara gudu: idan jinin ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta ƙuntace, haɗari ya kusa. Tun 1998 aka nuna a Amurka cewa ƙarin jini duk wata yana rage wannan haɗari da kusan kashi 90 cikin 100. Amma wace uwa a Kurna ko Rigasa za ta samo ledar jini mai tsafta kowane wata, shekara da shekaru, a inda mai naƙuda ma sai dangi sun yi layin bayar da jini?

Wannan tambayar ce ta haifar da gwajin SPRING, wanda likitocinmu irin su Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci suka gudanar tare da Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt, a asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala da kuma asibitin Barau Dikko na Kaduna. An ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 waɗanda na'urar ta nuna suna cikin haɗari, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suna shan miligiram 10 na ƙwayar bisa kowane kilo na nauyinsu, ɗaya kashin miligiram 20. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna yara 3 ne suka sami shanyewa a kashin farko, 5 a na biyu, bambancin da bai isa a ce wani ya fi wani ba. Idan aka tuna cewa irin waɗannan yara, in an bar su ba magani, kusan kashi 10 cikin 100 nasu ke shanyewa a kowace shekara, za a ga girman abin da aka samu. Masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti, don haka likita na iya fifita shi in da hali, amma ko ƙaramin ma yana tsare ƙwaƙwalwa. Ana kuma haɗa ƙwayar a Najeriya.

A ganina wannan bincike ya fi Casgevy amfani ga yaron da ke raye yau a Kano ko Maraɗi, kuma rashin yayata shi laifinmu ne mu 'yan jarida. Ƙwayar tana da nata sharuɗɗa. Likita ne ke rubuta ta, ana duba jini lokaci-lokaci, mai ciki ba ta sha, kuma ba warkewa take kawowa ba, sauƙi ne. Akwai iyayen da da zarar sun ji an ce maganin kansa ne sai su ja da baya, akwai kuma waɗanda suke fara saye su daina in aljihu ya yi rauni.

Tsakanin Casgevy da wannan ƙwaya akwai dashen ɓargo, wanda a Najeriya asibitin koyarwa na jami'ar Benin ne ya fara yi wa mai sikila a 2011. Da can sai an sami ɗan'uwa shaƙiƙi wanda ɓargonsa ya dace ɗari bisa ɗari, kuma kaɗan ne ke da wannan sa'a. Sababbin gwaje-gwaje, waɗanda Adetola Kassim, likita ɗan asalin Najeriya da ke Vanderbilt, yake cikin jagororinsu, sun nuna ana iya amfani da ɓargon uwa ko uba ko ɗan'uwan da ya dace rabi kawai, a kuma sami nasara a mafi yawan manyan da aka yi wa. Can gaba kuma ana neman hanyar gyara ƙwayar gado da allura a cikin jikin mutum, ba sai an ciro ɓargo an share ba. A 2019 gidauniyar Gates da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka sun yi alƙawarin dala miliyan 200 domin irin wannan nema, don sikila da kuma ƙanjamau.

Akwai ɓangaren da na'ura ba ta aunawa. Matashin da ya taso ana ce masa ba zai yi tsawon rai ba, wanda in ya je asibiti yana murƙususu a yi masa kallon ɗan ƙwaya don ya san sunan allurar da ke yi masa aiki, budurwar da manema ke gudu da zarar sun ji SS, da yawansu suna fama da ciwon damuwa da ba wanda ke tambayarsu a kai. Dokar gwajin lafiya kafin aure da gwamnan Kano ya sa wa hannu a 2024 za ta iya rage masu zuwa, amma ba ta yi wa waɗanda suka riga suka zo komai.

Casgevy dai an amince da shi ne a 2023 ga masu shekara 12 zuwa sama. Shanyewar ɓarin jiki kuwa ta fi kama yara masu SS tsakanin shekara 2 zuwa 5, shi ya sa ƙa'idar likitoci ta ce a fara gwajin TCD daga shekara 2, a riƙa maimaitawa duk shekara har zuwa 16. Ƙaramin ɗan 'yar'uwar tawa shekararsa 4, kuma da na sake kiran ta na tambaya, ta ce ba a taɓa ɗora masa na'urar ba.