Bambancin “citizen” da “indigene”

A Minna na raka ɗan ƙanena tantancewar shiga Jami'ar Fasaha ta Tarayya. A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife shi, sai ya rubuta Oyo a gurbin jihar asali. Na ce, yaro, dakata!

“Citizen” shi ne ɗan ƙasa, ko ina yake zaune a Najeriya. “Indigene” kuwa ɗan asalin wuri ne. A al'adar ofisoshinmu tsatson uba ake bi, ƙaramar hukumarsa ce ke ba da takardar shaida. Tsarin mulkin 1999 ma ya ce kowace jiha ta samu minista ɗan asalinta.

Don haka jama'a, a nemo wa yara takardar asali daga gida tun da wuri.