Tanadin Mazaunin Dogondutsi a Lokacin Damina

Duk wanda ya san Dogondutsi da Tibiri, garuruwan Arewa da ke kwance cikin Dallol Mawri, ya san idan ruwan Agusta ya gangaro daga tuddai, ƙoramu kan tumbatsa nan da nan, su ci katangun ƙasa, su yanke hanya. Saboda haka wajibi ne ga mai hankali, alhali yana tawakkali ga Allah, ya riƙa fita da katin shaidarsa naɗe cikin leda, da tocila, da salula mai caji, da ƴan kuɗi, da maganinsa in yana jinya. Lambar ƴan kwana-kwana kuwa, wato 18, lalle a haddace ta, a koya wa yara, domin galibi su ake bari a gida.