Tayar Hunturu Ko Jan Ƙafa Huɗu: Wanne Ya Fi Tsare Rai?

A ƙasashen arewacin duniya, irin su Kanada da Finland, hunturu yakan daskarar da hanya har ta yi santsi kamar madubi. Masu motoci sun daɗe suna jayayya: shin tayar hunturu ta fi, ko kuwa mota mai jan ƙafa huɗu?

To, mai karatu ya lura. Jan ƙafa huɗu yana taimakon mota wajen tashi da hawan tudu, amma ba ya ƙara mata kome wajen tsayawa, domin kowace mota da ƙafafunta huɗu take kama birki. Nan direba yake ruɗuwa, ya ƙara wuta, tsayawa ta gagare shi.

Robar tayar bazara takan fara ƙandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Ita kuwa ta hunturu tana nan da taushinta, ga ƙananan tsage-tsage masu damƙe ƙanƙara. A Finland aka fara ƙera ta cikin 1934, lardin Kwibek na Kanada kuma ya wajabta ta tun 2008.

Alhasali, taya kaɗai ke taɓa ƙasa. Saboda haka mai hankali a kanta yake fara kashe kuɗinsa.